Zo-ka-ji da Tagar Inna

Yayana bai iya yi wa mutum biyu magana a lokaci guda ba. In ya shigo wuri ya tarar da mutane a zaune, sai ya yi sallama, ya bi su da ido, ya zaɓi guda, ya ɗan lanƙwasa yatsa ya ce, "Zo ka ji." Ya ja ka bayan mota ko gindin katanga, ya dafa maka kafaɗa, ya yi ƙasa da murya kamar zai gaya maka inda aka binne tukunyar zinariya. Ƙarshenta abin da zai faɗa bai wuce a je a sayo ƙusa ba. Daga nan leburori suka laƙaba masa Zo-ka-ji, sunan kuma ya bi shi har gida. Shi dai ya fi son a ce masa Injiniya. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce ma auta, kuma ban san ranar da ya taka makarantar injiniyoyi ba, ko da fakewa ruwa ne.

Sana'arsa tsayawa a kan aikin gini. Mai gida ya danƙa masa aiki, shi kuma ya nemo magini da kafinta da mai famfo da mai wuta, ya yi ta kai-komo a tsakaninsu har a gama. Hannunsa bai san siminti ba, farar rigarsa ba ta san ƙura ba. Duk jarinsa a baki yake. Da ba ruwana da yadda yake neman abincinsa, kowa da hanyarsa. Amma ya taɓa tagar Inna, mahaifiyarmu, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Ban yafe ba, ba kuma na jin zan yafe nan kusa.

Ɗakin Inna taga ɗaya gare shi, mai kallon bayan gida. Tsakanin gidanmu da na maƙwabta akwai wani siririn fili da ba a bi, kwata ce kawai ke wucewa ta ciki, bakinsa na wajen titi ma an kare shi da tsohon kwano. A ɗaya gefen tagar Gwaggo ce. Ba jini ne ya haɗa mu ba, maƙwabciya ce, amma mun tashi muna ce mata Gwaggo, har Inna ma haka take kiranta. Tagogin suna kallon juna, kusa da kusa, in ɗaya ta miƙa ludayi ɗayar za ta karɓa. Tun kafin a haife ni suke hira ta nan. Ta nan aka miƙa gishiri da allura da maganin ciwon kai, ta nan aka yi gulmar unguwa kaf, ta nan Gwaggo ta yi wa Inna ta'aziyyar Baba kafin kowa. Da ciwon gwiwa ya zaunar da Gwaggo ta daina fita, duk wata hulɗarsu ta koma tagar nan.

Halin Yaya ba a wurin aiki ya tsince shi ba, da shi ya tashi. Muna yara Baba da Inna sun taɓa yin wata doguwar gaba, a kan me ban sani ba, ina jin su ma daga baya sun manta. Suna gida ɗaya ba mai ce wa wani uffan. Yaya ne ɗan aike. Baba ya ce, "Je ka ce wa uwarka miyar nan ba gishiri." Yaya ya isa kicin ya ce, "Baba ya ce a ƙaro masa miya." Inna ta ce, "Ka ce masa in ya matsu ya zo ya ɗiba da kansa." Yaya ya koma ya ce, "Ta ce tana zuwa da ita." Kowa ya ce kai, yaron nan akwai hankali. Baba ya ɗauka nasa ne, Inna ta ɗauka nata ne, shi kuwa yana cin tsoka a kwano biyu. Ni da nake biye da shi ina ganin abin da manya ba su gani ba. Gabar da za ta mutu da wuri in an bar su sun yi cacar bakinsu sun huce, sai da ta cinye damina guda, don ba wanda ya matsu ya buɗe baki tunda ga mai buɗewa a madadinsa. Ranar da suka shirya, Yaya ne kaɗai ya wuni yana kumbure-kumbure.

Boko bai karɓe shi ba, shi ma bai nace ba. Wani abokin Baba ya kai shi wurin gini, aka ba shi makullin ɗakin siminti. A nan ya hango abin da ya zame masa gona. Magini na raina mai famfo, mai famfo na ganin magini jakin ɗaukar bulo ne, kafinta na ganin dukkansu ƙazamai ne, mai gida kuma tsoron kowa yake kar a cuce shi. Sai Yaya ya shiga tsakiya ya zauna daram. Ba a daɗe ba ya ajiye makulli ya sayi farar riga.

Yana da dokokinsa, kuma ba ya saɓa su. Ba ya kiran masu sana'a biyu rana ɗaya. In tsautsayi ya haɗa su, sai ya aiki ɗaya kasuwa neman abin da ya san babu. Ba ya ba mai gida lambar wayar ma'aikaci, ba ya ba ma'aikaci ta mai gida. In ka ce masa a zauna gaba ɗaya a tsara aiki, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Taro? Ai taro ɓata lokaci ne. Kowa ya gaya min nasa, ni na san yadda zan haɗa." Ya kuwa haɗa. Akwai gidan da aka sa makunnin fitila a bayan ƙofa, sai ka rufe kanka cikin duhu kafin ka laluba shi. Akwai kicin ɗin da aka kafa wa famfo, aka shimfiɗe ƙasa da tayil mai sheƙi, sai ranar tarewa aka gane ruwan ba shi da mafita. Kowane karo akwai wanda ke ɗaukar laifin, kuma kullum wanda ba ya wurin ne. A kore shi a kawo wani, Yaya ya ja mai gida bayan mota ya ce, "Alhaji, ka dai ga irin mutanen da nake fama da su." Mai gida ya ƙara riƙe shi hannu bibbiyu.

Ko a gidansa haka yake. Matarsa ta taɓa gaya min ba ta taɓa ganin ya tara yaransa ya yi musu magana ba, ɗaya bayan ɗaya yake kiransu ɗaki kamar likita. Babban ya san abin da ƙaramin bai sani ba, ita kuma sai ta bi su tana tsintar labarin gidanta.

Ana haka Inna ta zame a bakin famfon tsakar gida, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki. Likita ya ce za ta daɗe a keken marasa lafiya, wataƙila ma ta zauna ke nan, kuma banɗakinmu da ke can ƙuryar tsakar gida, ga dakali ga santsi, ba nata ba ne kuma. In ana son ta koma ɗakinta, sai an fitar mata da banɗaki a cikinsa. Ɗakin babba ne, zai ɗauka. To wa za a ba aikin? Ga mai sana'a a gida. Na buɗe baki zan yi magana, dangi suka yi min caa, wai wace irin zuciya ce da ni, uwarsa ce fa.

A gabana Inna ta gaya masa, tana kwance a gadon asibiti, muryarta ko fita ba ta yi sosai.

"Ku fasa duk inda za ku fasa, ku kwashe duk abin da za ku kwashe. Tagata kawai za ku bar min."

"Haba Inna, ai ko ba ki faɗa ba," in ji shi. Sai ya juyo gare ni. "Auta, ɗauki filas ɗin nan ki nemo mata ruwan zafi."

Filas ɗin cike yake dam. Tunda ba dama ya ja mai karyayyen ƙugu bayan mota, sai ya kore ni ni.

A bakin asibiti ya zana min da yatsa a jikin motarsa. Banɗaki zai zauna a kusurwar da ke wajen tsakar gida, inda kabad ɗin Inna yake. Taga tana can nata gefen, ba abin da zai same ta, har ma sabon firam zai sa a yi mata mai raga saboda sauro. Na ce to. Aka kwashe kayan Inna zuwa falo, aka rataya tamfol a ƙofar saboda ƙura, ya kulle ɗakin, makulli ya shige aljihun farar riga.

Ni koyarwa nake yi a firamare. Daga aji sai asibiti, gidan kuwa sai dai in leƙa a gurguje. Duk ranar da na je, ko dai in tarar da ƙofa a kulle, ko in tarar da mutum ɗaya tal. In magini ne a tsakar gida yana kwaɓa siminti, kafin in gama gaishe shi Yaya ya ɓullo kamar an jefo shi. "Auta, zo ki ji." Ya ja ni ƙofar gida ya cika min kunne da bayanin irin tayil ɗin da ba ya santsi. In na ce bari in leƙa, ya ce simintin ɗanye ne, kar in taka. In na sake dawowa, ya ce tayil bai kama ba. Ya yi ta turo min hotuna a waya, ga ƙarfen riƙewa, ga ƙofa mai faɗi, ga shawa. Duk kusa-kusa aka ɗauke su, ba ka gane wane bango ne.

Inna kuwa kullum saƙonta ɗaya, a gaishe mata da Gwaggo. Yaya ke karɓa, shi ke dawo da amsa. "Tana amsawa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi." Yau haka, gobe haka. Wata rana ya fita, Inna ta bi bayansa da kallo ta ce min, "Auta, wannan ba bakin Gwaggo ba ne. Gwaggo ba ta aiko min gaisuwa ba tsiya a ciki. Da ita ce, cewa za ta yi raguwa ta samu gadon kwanciya. Je ki gano min ita."

Na same ta zaune a bakin gado, ta juya wa tagarta baya, labule a sake da rana tsaka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce Inna na gaishe ta.

"Au, yau ta tuna da ni?"

"Gwaggo, kullum fa sai ta aiko Yaya."

"Wane yayan? Sau ɗaya ya shigo nan, shi ma don na yi ta ƙwala masa kira ne. Ya ce likita ya hana ta iska, ita kuma ta ce a toshe, dama hayaniya ta ishe ta. Ni ce hayaniyar, 'yar nan. Ai sai ta gaya min da bakinta, ba sai an jera min bulo a fuska ba."

Ban gane zancen ba sai da ta sa sandarta ta ɗage labulen. Inda tagar Inna take, bulo ne aka jera aka cike har sama, siminti ya tsiyayo ta tsakani ya bushe.

Na daɗe ban ji fushi irin na ranar ba. Na rantse wa Gwaggo cewa abu ɗaya tak Inna ta roƙa, shi ne a bar mata tagar. Tsohuwa ta sa bakin zane tana share ido, tana cewa, "Ni ma dai na ce, ni ma dai na ce."

Ban kira Yaya ba. Na san in na kira zai ja ni gefe ya jiƙa ni da magana har in koma ni ke ba shi haƙuri. Na wuce wurin mai sayar da siminti na bakin titi, wanda duk masu aikin gini ke bi ta shagonsa, na karɓi lambar magini da ta mai famfo da ta kafinta. Na kira kowannensu na gaya masa ana nemansa da safe a gidan Hajiya, wato Inna. Shi kuma Yaya na tura masa saƙo cewa an ji ƙarar fashewar tayil a ɗakin, don na san wannan ne kaɗai zai fito da shi da makulli.

Magini ya fara zuwa, dattijo mai furfura a gemu. Sai mai famfo, wani siriri mai yawan tsaki. Suka kalli juna, ba wanda ya miƙa wa wani hannu. Na shimfiɗa tabarma ɗaya a baranda, na kawo shayi, dole suka zauna. Can sai ga kafinta a bayan babur, rungume da sabon firam ɗin taga, ya sha fenti, raga sabuwa fil. Ya jingine shi da bango yana washe baki.

"Ya daɗe da kammaluwa," in ji shi, "Injiniya ne ke ta ce min in dakata. Yau za a kafa ke nan?"

Magini ya ajiye kofinsa. "A kafa a ina?"

"A tagar Hajiya mana."

"Wace tagar? Wadda na toshe?"

Daidai nan Yaya ya shigo. Ya ga ma'aikatansa uku a tabarma ɗaya, ya tsaya cak kamar wanda ya tarar da awaki a gonarsa. Yatsan nan ya tashi da kansa.

"Auta, zo ki ji."

"Ina ji daga nan, Yaya. Kunnena ƙalau."

"Magana ce ta cikin gida."

"Nan ma cikin gida ne. Buɗe ɗakin."

Ya juya wajen magini. "Baba, ɗan taso mana."

"Ba inda za shi," na ce. "Bai shanye shayinsa ba."

Yaya ya buɗe ɗakin. Ƙarya ba kyau, aikin ya yi kyau. Farin tayil har sama, ƙarfen riƙewa ta kowane gefe, ƙofa wadda keke zai shige ya juya. Ɗakin kansa kuwa ya koma sito, duhu da safiyar Allah, sai da na kunna fitila muka ga fuskar juna.

Na tambayi magini wa ya ce ya ja bangon banɗaki a nan gefen taga, maimakon kusurwar kabad.

"Ranar farko Injiniya ya nuna min nan. Na ce masa to taga fa? Ya ce mai famfo ya riga ya duba, wai ruwa ba shi da hanya sai ta kwatar baya."

"Ni?" Mai famfo ya ja tsaki. "Ni da ban taka gidan nan ba sai da bango ya kai ƙugu? Da na zo na ce masa, Injiniya, me ya kawo banɗaki nan? Kwatar baya ta ruwan sama ce, ba ta ɗaukar wannan. Ga babban bututu can ta tsakar gida kusa da famfo. Ya ja ni waje ya ce Hajiya ce ta zaɓi nan da kanta, kar in sa baki a harkar gidan mutane. Sai da na fasa ƙasan ɗakin nan daga wannan bango zuwa wancan na ja bututu ya koma inda ya kamata a fara."

"A lokacin tagar tana nan?" na tambaye shi.

"Tana nan mana. Ta cikinta ma wata tsohuwa ta yi min sannu da aiki."

To kun ji. Yaya ya leƙa ya ga kwata a baya, ya yanke hukunci shi kaɗai bai tambayi mai sana'ar ba. Da aka nuna masa ya kauce, abin da ke tsaye ɗan guntun bango ne da ko da ƙafa aka tura zai zube. Abin da ake buƙata kawai ya tsaya gaban magini ya ce, na yi kuskure, rushe. Wannan maganar ce ta fi ƙarfin bakinsa. Ya gwammace ya ɗinka wa kowa ƙarya daidai wuyansa, ya raba su kar su haɗu su gwada, har siminti ya bushe.

Su ma ma'aikatan ban wanke su ba. Kowannensu ya ga abin bai zauna daidai ba, kowanne ya yi shiru, don daɗin da yake ji wai shi ne na hannun daman Injiniya. Nan take kuwa ƙwai ya fashe. Mai famfo ya ce shi an gaya masa ya sa ido a kan magini, wai hannunsa ba ya tsayawa in ya ga buhun siminti. Magini ya zabura ya ce shi kuma an ce masa kar ya saurari mai famfo, rabin aikinsa yoyo ne. Kafinta ya ce shi cewa aka yi su biyun duk ba su san awo ba. Ashe gidaje da yawa suka yi tare, wannan ya fita wancan ya shiga, kowa na ƙin ɗan'uwansa alhali ko shayi ba su taɓa sha tare ba. Maimakon su juya kan wanda ya haɗa su, sai suka kaure da zagin juna, har sai da na daka musu tsawa irin wadda nake yi wa 'yan aji.

Yaya na tsaye ya harɗe hannu. Da aka yi tsit sai ya ce, "Kin gani ko? Abin da taro ke jawowa ke nan." Wallahi haka ya ce. Sannan ya nuna tayil. "Aiki ya yi kyau ko bai yi ba? Tsohuwa na buƙatar banɗaki, ga banɗaki. Taga kuma ai ba abinci ba ce."

"Ka gaya wa Gwaggo Inna ta gaji da ita."

"Lallashinta na yi."

"To ka faɗa a nan, gaban mutanen nan, cewa kai ka yi kuskure. Iyakar abin da nake so ke nan."

Ya dubi agogo, ya ce ana jiransa a wani aikin. Ya ɗora makulli a kan firam ɗin kafinta ya fice.

Bayan ya tafi na tambaye su gaba ɗaya ko za a iya gyarawa. Sai a lokacin suka yi magana kamar masu aikin gida ɗaya. Mai famfo ya bi bango da yatsa ya nuna inda bututai suka ratsa, ta tsakiyar tsohuwar tagar suka bi. Magini ya ce mayar da banɗaki ɗaya kusurwar yana nufin a farfashe komai, ƙasa da bango, a koma farko. Asibiti kuwa sun riga sun ce mu zo mu ɗauki Inna, akwai mai jiran gadon. Inda nake haya bene ne, keke ba ya hawa. Ko da an sake buɗe tagar ma, ta riga ta zama tagar banɗaki. Abin da suka iya samowa wuri ne guda can sama dab da silin, inda bututu bai bi ba. Magini ya hau ya cire bulo ɗaya, kafinta ya yanko raga daga jikin sabon firam ɗinsa ya kafa a wurin, yana yanka yana tsaki.

Yaya ya kira ni ya ce in bar masa Inna, shi ya san yadda zai shirya mata maganar. Na kashe wayar. Na je na zauna a bakin gadonta na gaya mata komai yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba. Ta zuba wa silin ido. Na zaci za ta yi faɗa, na so ma ta yi. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Gwaggo ta san ba ni na ce ba?" Na ce ta sani. Ta ce, "To," ta juya fuskarta bango.

Ranar da muka dawo da ita Yaya bai zo ba, matarsa ya aiko da lemo da saƙon cewa aiki ya riƙe shi. Na tura keken cikin ɗaki na kunna fitila. Inna ta dubi gadonta, ta dubi kabad, ta dubi sabon bangon da ya tsaya inda haske ke shigowa a da. 

Yaya yana nan yana sana'arsa, aiki ma ƙaruwa ya yi masa. Hotunan banɗakin Inna suna wayarsa, su yake nuna wa masu gida a bayan mota, yana cewa ga irin abin da ya yi wa mahaifiyarsa. Yakan zo gaishe ta, amma sai ya tabbatar ba na nan. Dangi sun ce in yi haƙuri in daina ɗaure masa fuska, taga ce kawai. Duk mai faɗin haka nakan ce masa ya zo gidan da safe.

Na saki hayata na dawo gida don in kula da ita. Kowace safiya in na gama shirya ta zan tafi makaranta, sai ta ce in tura ta. Ba tsakar gida take nufi ba. In tura keken cikin banɗaki, in tsayar da shi tsakanin masai da shawa, ƙarƙashin 'yar kafar nan. Matar da ta sha zane mu muna yara in ta ji mun yi magana a banɗaki, ita ce yau take ɗaga kai sama, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ƙwala, "Gwaggo! Kin tashi?" Kunnen Gwaggo ya yi nauyi, a da bakin Inna take kallo ta tsinci rabin zancen. Yanzu ba bakin da za ta kalla. Mukan jiyo ta can ƙasa-ƙasa tana cewa, "Me kika ce?" Inna ta maimaita. "Me?" Ta sake maimaitawa, tayil na dawo mata da muryarta. In ta gaji sai ta ɗora tafin hannunta a bango daidai inda tagar take a da, ta ce min, "Je ki, za ki makara. Bar ni a nan."